Matan Zumunta A Abuja: Aiki A Hannunsu, Shawara A Hannun Maza

Ran 3 ga watan Oktoba na 2025 aka ba da sanarwa a Landan cewa an zaɓi wata mace, Bishop Sarah Mullally, ta zama Akbishop na Kantabari, watau babban limamin Cocin Ingila, wanda mabiya ɗarikar Angalikan suka daɗe suna ɗauka a matsayin jigonsu na duniya. Ita ce ta 106 a jerin waɗanda aka ba wannan kujera, kuma ita ce mace ta farko. Kafin ta shiga aikin coci ma'aikaciyar jinya ce, har ta taɓa riƙe muƙamin shugabar ma'aikatan jinya ta Ingila baki ɗaya.

Ba a yi mako guda ba sai ga amsa daga Abuja, inda hedkwatar ɗarikar Angalikan ta Nijeriya take. Shugaban ɗarikar, Akbishop Henry Ndukuba, ya fitar da takarda yana nuna rashin amincewa da wannan zaɓe. Dalilai biyu ya kawo. Na farko, yawancin 'yan ɗarikar ba su yarda mace ta shugabanci bishop-bishop ba. Na biyu kuwa, ra'ayin matar ne game da auren jinsi ɗaya. Magana ta biyu daban take, kuma ba ita za a duba a wannan shafi ba. Ta farkon ce ta tayar da tsohuwar tambaya, watau ina ne matsayin mace a cikin ikilisiya.

Mai karatu da ke zaune a Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, yana iya cewa ina ruwansa da gardamar limaman Ingila. To, amma wannan gardama ba a Ingila kaɗai take ba. Tana nan a cikin majami'un da ake sujada da Hausa, daga Kagoro zuwa Garkida, daga Karu zuwa barikokin soja da na 'yan sanda na Ikko. Kuma abin da ke rataye a jikinta ya wuce batun wanda zai hau mumbari ran Lahadi. Akwai kuɗin makarantar marayu a ciki, akwai gadon matan da mazansu suka mutu, akwai kuma tambayar wa ke yanke shawara a kan kuɗin da jama'a suka tara. Babu inda aka fi ganin haka a fili kamar Abuja.

Birni Mai Fuska Biyu

Kamar yadda aka sani, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ce ta kafa Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta ran 3 ga Fabrairu, 1976, sa'an nan aka taso da gwamnati daga Ikko ran 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Babangida. Waɗanda suka zana birnin sun yi wa ofisoshi da manyan ma'aikata tanadi mai kyau. Amma birkila da kafinta, da direba, da mai gadi, da 'yar aikin gida, waɗanda su ne suka gina birnin kuma suke yi masa hidima, tilas suka nemi mafaka a gefe: Nyanya, Karu, Mpape, Kubwa, Dutsen Alhaji, Lugbe, Gwagwa da Karmo. Wasu ma sai da suka ƙetare iyaka zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla a Jihar Neja. Rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara tura dubban mutane can. Su kuma 'yan asalin wurin, irin su Gbagyi da Gwandara da Gade da Koro da Bassa, da yawansu sun wayi gari gonakin iyayensu sun zama fulotai.

A irin waɗannan unguwanni ruwa sai an saya a hannun 'yan garuwa, ajin makarantar gwamnati ya cika ya batse, asibiti kuwa sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa majiyyaci. Baƙo ba shi da dangi kusa. Idan ciwo ya zo da dare, ko haihuwa ta zo da gardama, ko mai gida ya faɗi ya mutu, ofishin gwamnati yana nesa, kuma a rufe yake. Ga Kirista ɗan Arewa, ƙofar da aka fi ƙwanƙwasawa a irin wannan lokaci ita ce ta shugabar Zumuntar Mata.

Mene Ne Zumuntar Mata

Duk wanda ya taɓa zama kusa da majami'ar ECWA, ko COCIN, ko EYN, ko ta Katolika inda ake yi da Hausa, ya san matan nan masu anko, masu waƙa da tulu da caki. Bisa labarin da ake bayarwa, asalin ƙungiyar daga Miyango ne, kusa da Jos, a shekarar 1930, lokacin da wata mace ta kusa rasa ranta wajen haihuwa, sai matan ikilisiya suka haɗa kuɗi aka sayi keke domin gaggauta kai majiyyaci wurin magani. Ke nan tun ran gini tun ran zane: addu'a da taimakon juna tare aka haife su a wannan ƙungiya.

Yadda abin ke tafiya ba shi da wuyar ganewa. Ana haɗuwa kowane mako a yi nazarin Littafi Mai Tsarki da waƙa. Kowace mace tana ba da ɗan abin da aka yanka mata, akwai ma'aji, akwai magatakarda mai riƙe littafi. Daga wannan asusu ake zuwa barka da gaisuwar mara lafiya, ake dafa abinci a gidan makoki, ake cika wa maraya kuɗin jarrabawa. A gefe kuma ga adashi, wanda da shi mace ke samun jarin tuyar ƙosai ko awara, ko gasa masara a bakin titi, ko sayen keken ɗinki. Wadda ta iya haɗa sabulu ko man shafawa takan koya wa 'yan'uwa. Wadda ba ta yi makaranta ba, a nan take koyon karatu, domin tana son ta buɗe Littafi da kanta.

Ba a nan aikin ya tsaya ba. Idan ikilisiya za ta sayi kujeru, ko ta rufa kwano, ko ta gyara gidan fasto, ko ta aika wa masu bishara na ƙauyuka da hatsi da tufafi, ba a gama lissafi sai an ji abin da zumunta za ta kawo. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota daga Mararaba zuwa cikin gari ya yi tashin gwauron zabi, abinci ya yi tsada, nauyin da ke kan wannan ɗan asusu ya ninka, alhali masu zubawa su ma aljihunsu ya yi rauni.

Shekarar Gwaji

Shekarar 2014 ce ta nuna ainihin ƙarfin matan nan. Da safiyar ran 14 ga Afrilu bam ya tashi a tashar motar Nyanya, da daren ranar kuma aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, watau EYN. A watan Agusta Boko Haram suka kama Gwoza. A ƙarshen Oktoba suka mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi, kusa da Mubi. Jama'a suka watse. Dubbai suka gangaro Abuja, suka kafa bukkoki na buhu da leda a Durumi, da Sabon Kuchingoro, da Wassa, da Waru, Musulmi da Kirista, mata da yara sun fi yawa.

Hukuma ba ta ɗauki waɗannan wurare a matsayin sansanoninta ba, saboda haka abin da ke shiga yawanci daga majami'u ne da masallatai da ƙungiyoyi da masu hali. A cikin sansanonin kuwa mata ne suka tsara rabon abinci da kula da masu ciki. Jaridu sun sha ba da labarin shugabar matan sansanin Durumi, 'yar Gwoza, wadda larura ta mai da ita ungozoma, ta karɓi haihuwar jarirai masu yawa a cikin bukka. A Gurku, cikin Jihar Nasarawa dab da Abuja, wani ɗan EYN mai suna Markus Gamache ya jagoranci kafa matsuguni inda aka zaunar da 'yan gudun hijira Musulmi da Kirista wuri guda.

A cikin wannan masifa sunan wata mace ya fito. Dakta Rebecca Dali, malamar tauhidi ce da ta koyar a Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya da ke Bukuru, kuma tun 1989 ta kafa ƙungiyar taimakon gwauraye da marayu. Ta bi garuruwa da sansanoni tana rubuta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, tana kai agaji ba tare da tambayar addinin mai karɓa ba, tana kuma lallashin iyalai su karɓi matan da suka kuɓuto daga daji da goyo. A 2017 aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a birnin Jeniba. Duk da haka ikilisiyarta ba ta naɗa mace fasto, ko da yake uwar ɗarikar da ke Amurka, wadda ta aiko 'yan mishan Garkida a 1923, ta buɗe wa mata wannan ƙofa tun 1958. A nan mai karatu zai ga inda gizo ke saƙa.

Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Ya kamata a yi wa kowane ɓangare adalci, domin babu wanda ke magana da ka. Masu hana naɗa mata suna kafa hujja da wasiƙun Manzo Bulus, musamman ta fari zuwa ga Timoti sura ta 2, da ta fari zuwa ga Korantiyawa sura ta 14, inda aka taƙaita koyarwar mace da ikonta a cikin taron ikilisiya. Suna ƙarawa da Afisawa sura ta 5 game da shugabancin miji a gida, da kuma cewa manzanni 12 da Yesu ya zaɓa duk maza ne. A ganinsu mace da namiji darajarsu ɗaya a gaban Allah, amma aikinsu ya bambanta, kuma ɗan Adam ba shi da ikon sauya tsarin da ba shi ya kafa ba.

Masu goyon baya kuwa suna farawa daga Littafin Farawa sura ta 1, inda aka nuna mace da namiji duka cikin kamannin Allah aka halicce su, sa'an nan su kawo Galatiyawa sura ta 3, wadda ta kawar da fifikon ƙabila da na jinsi tsakanin masu bi. Suna tuna wa jama'a Debora, wadda ta yi wa Isra'ila shari'a, da Fibi, wadda Bulus da kansa ya yaba da hidimarta a Romawa sura ta 16, da Maryamu Magadaliya, wadda ita ta fara kai wa almajirai labarin tashin Yesu. A fahimtarsu, umarnin Bulus magani ne na wata matsala da ta taso a Afisa da Koranti a wancan zamani, bai zama doka ga kowane wuri har abada ba.

A Afirka, wadda ta fi kowa ɗaga wannan murya ita ce Mercy Amba Oduyoye, 'yar ƙasar Gana da ta koyar a Jami'ar Badun. A 1989 ta tara mata masana tauhidi na nahiyar a Legon, kusa da babban birnin Gana, suka kafa ƙungiyarsu. Abin da ta daɗe tana nunawa shi ne, sau da yawa al'adar gargajiya ce ake sa wa rigar addini, har a kasa bambanta abin da Littafi ya faɗa da abin da kakanni suka saba. Amma kada a ɗauka maza ne kaɗai a wancan ɓangare. A cikin zumunta kanta akwai mata da yawa, masu ilimi da tsoron Allah, waɗanda za su ce ba su nemi mumbari ba, kuma ba sa so.

Inda Kowace Ɗarika Ta Tsaya

Majami'un Nijeriya ba su zama ɗaya a kan wannan batu ba. Ɗarikar Firesbiteriyan ta naɗa Mgbeke George Okore a 1982. Ikilisiyar Lutaran mai hedkwata a Numan tana naɗa mata. ECWA da COCIN da EYN ba sa yi. A ɗarikar Angalikan, Bishop Herbert Haruna na Kwara ya naɗa mata uku a 1993, amma shugabannin ɗarikar suka soke naɗin. A 2010, zamanin Akbishop Nicholas Okoh, aka buɗe ƙofa kaɗan, aka yarda mace ta zama dikon domin aiki irin na asibiti da makaranta, ba tare da ta wuce nan ba. Abin lura kuma, 'yan'uwansu na Kenya da Sudan ta Kudu, waɗanda suke sahu ɗaya da Nijeriya wajen jayayya da Ingila, suna da bishop-bishop mata. A cocin Katolika kuwa Paparoma John Paul na Biyu ya rufe maganar da takardarsa ta 1994.

Sababbin majami'u na Fentikos sun fi sakin hannu. Margaret Idahosa ta karɓi ragamar cocin mijinta a Binin bayan rasuwarsa a 1998. A Abuja, Fasto Sarah Omakwu ta ɗauki shugabancin Family Worship Centre da ke Wuye bayan rasuwar mijinta a 2003, kuma majami'ar tana cikin manya na birnin. Babu mai shakkar ƙwazon waɗannan mata. Sai dai mai lura zai ga cewa sau da yawa ta ƙofar aure mace ke kai wa ga shugabanci. Haka abin yake a ɗarikar Angalikan, inda matar bishop ce ke shugabantar ƙungiyoyin mata na yankinsa, haka kuma a majami'u da dama matar fasto ce uwar zumunta ko da akwai wadda ta fi ta sanin aikin. Macen da ba ta auri limami ba, ko wadda ba ta yi aure ba sam, hanyarta ta fi tsawo.

Abin Da Gardamar Ta Rufe

Ga alama batun naɗi ba zai ƙare yau ko gobe ba, kuma kowace ɗarika tana da 'yancin bin abin da ta fahimta daga Littafinta. Amma ƙurar wannan gardama ta rufe waɗansu al'amura guda uku da ba sa bukatar a jira ta lafa.

Na farko shi ne kuɗi da shawara. A majami'u da yawa mata sun fi yawa a kan benci, kuma kaso mai tsoka na baiko daga hannunsu yake fitowa. Amma majalisar dattawan ikilisiya, wadda ke yanke abin da za a yi da kuɗin, maza ne zalla, ko kuwa a sa shugabar mata ita kaɗai a gefe. Sakamakon haka a bayyane yake. Macen da ta kwana a asibiti da maƙwabciya ta san cewa abin da unguwa ke bukata shi ne rijiyar burtsatse, ko ɗakin shan magani, ko ajin yara. Majalisar kuwa takan fi karkata ga ƙara girman gini da sayen na'urar sauti da motar fasto. Babu ayar da ta hana mace riƙe baitulmali, ko binciken lissafi, ko shugabantar kwamitin makaranta. Bishara ta Luka sura ta 8 ma ta nuna cewa mata ne suka riƙa ɗaukar nauyin Yesu da almajiransa daga dukiyarsu. Cocin Katolika, wadda ta fi kowa tsauri a kan naɗi, ta nuna ana iya raba abubuwan biyu: a 2025 Paparoma Francis ya ɗora Sista Simona Brambilla a kan ɗaya daga cikin manyan ma'aikatun fadarsa, ya kuma ba Sista Raffaella Petrini shugabancin hukumar da ke gudanar da mulkin birnin Batikan. Babu wadda aka naɗa limami a cikinsu.

Na biyu shi ne ilimi. Makarantun tauhidi na Bukuru da Jos da Kagoro suna karɓar mata, suna kuma yaye su da takardu iri ɗaya da na maza. Namijin yakan fita ya tarar da majami'a da albashi da gida suna jiransa. Macen kuwa sau da yawa sai ta koma koyar da yara ran Lahadi kyauta, ko ta nemi aikin koyarwa a wata makaranta. Wannan asara ce ga ikilisiya, kuma asara ce ga unguwa. Matar da ta fito daga hannun Boko Haram, ko yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ko wadda miji ke duka, akwai abin da ba za ta taɓa faɗa wa fasto namiji ba. Idan babu mace mai horo da aka ɗauka aiki domin sauraronta, to, za ta haɗiye abin ta mutu da shi.

Na uku, kuma mafi zafi, shi ne halin gwauraye. A wurare da dama, da zarar miji ya mutu sai danginsa su zo su kwashe kaya, su karɓe takardar fili, wani lokaci har da 'ya'ya, suna cewa al'ada ce. Dokar ƙasa ta riga ta yi magana. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Ukeje cewa ba a hana 'ya mace gadon ubanta, a shari'ar Anekwe da Nweke kuma ta yi tir da al'adar korar gwauruwa daga gidan mijinta. A watan Mayu na 2015 aka sa hannu a kan dokar hana cin zarafin jama'a, wadda ta fara aiki a Babban Birnin Tarayya, kuma ta haramta wulakanta gwauraye da sunan al'ada. Littafi Mai Tsarki ma bai yi shiru ba. A Littafin Ƙidaya sura ta 27 'ya'yan Zelofehad mata sun nemi gadon ubansu, aka ba su. A Ayyukan Manzanni sura ta 6, ƙarar da aka kai a kan rabon abincin gwauraye ce ta sa ikilisiyar farko ta kafa masu hidima. Amma macen da ke Mpape ba ta karanta hukuncin Kotun Ƙoli. Abin da ta ji daga mumbari shi ne dokarta, haka nan ƙanen mijinta. Idan fasto ya yi wa'azi goma a kan biyayyar mace bai yi ko ɗaya a kan haƙƙin gwauruwa ba, to, zumunta za ta ci gaba da tara kwabo-kwabo tana ciyar da waɗanda 'yan ikilisiya da kansu suka talauta.

Daga Mumbari Zuwa Majalisa

Abin da ake koyarwa a wuraren ibada yana bin mutane har zauren majalisa. A watan Maris na 2016 Majalisar Dattijai ta yi watsi da shirin dokar daidaita dama tsakanin maza da mata wanda Sanata Biodun Olujimi ta gabatar, kuma waɗanda suka tashi suka soke shi sun haɗa da Musulmi da Kirista, kowa yana kafa hujja da addininsa. Ran 1 ga Maris, 2022, Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da gyare-gyare biyar na tsarin mulki da suka shafi mata, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. A Majalisar Dattijai da aka kafa bayan zaɓen 2023, mata huɗu ne kacal cikin kujeru 109, ɗaya daga cikinsu Ireti Kingibe mai wakiltar Abuja. Al'ummar da ba ta saba ganin mace tana yanke shawara a kan kuɗin majami'arta ba, da wuya ta tura ta ta yanke a kan kuɗin ƙasa.

Musulmi mai karatu ba baƙo ba ne ga wannan al'amari. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta yi limanci ba, amma ta kafa 'Yan Taru, ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Ƙungiyar FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 ba ta nemi limanci ba, amma tana da makarantu da asibitoci nata na kanta, da shugabanninta, da asusunta. A Abuja kuma Sista Agatha Chikelue, ta gidauniyar zaman lafiya ta Kadinal John Onaiyekan, ta daɗe tana haɗa mata Musulmi da Kirista a kan sulhu da sana'a. Matan addinan biyu a layin famfo ɗaya suke tsayawa, a asibiti ɗaya suke haihuwa, kuma sun fi shugabanninsu saurin gane cewa matsalarsu iri ɗaya ce.

Abin Da Ya Rage

Saboda haka akwai matakan da kowace majami'a za ta iya ɗauka ba tare da ta taɓa aƙidarta ba. A sa mata, fiye da ɗaya, a cikin kwamitin kuɗi da na ayyuka, da cikakken ikon jefa ƙuri'a. A bar zumunta ta zaɓi shugabarta bisa cancanta. A ware wani kaso sananne na baiko domin gwauraye da marayu, a riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a. A ɗauki matan da suka karanta tauhidi aiki da albashi, a asibiti da makaranta da sansanin 'yan gudun hijira da gidan yari. A taimaki zumunta ta yi rajistar jam'iyyar gama kai, domin adashin da ke tsayawa a kan tukunyar ƙosai ya kai ga injin niƙa da shago da fili mai takarda. Fastoci kuma su koya wa maza rubuta wasiyya tun suna da rai.

Wannan kira ya shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi kai tsaye, domin halin baƙunci ɗaya ne, ko a Nyanya ko a Mile 12, ko a Anacha ko a Fatakwal. Ran da mutum ya faɗi a baƙon wuri, matan nan masu anko su ne za su fara isa gidan, su ne za su tara kuɗin motar kai gawa gida, su ne kuma za su san halin da 'ya'yansa ke ciki bayan 'yan makoki sun watse. Limamai suna iya ci gaba da muhawara a kan mumbari har tsawon shekarun da Allah ya nufa. Amma ran da dattawan ikilisiya za su zauna a kan kasafin kuɗin shekara mai zuwa, ya kamata su waiwaya su ga ko waɗanda suka san ƙofar kowane gida a unguwar suna cikin ɗakin.